Tagar Ɗakin Luba

Lahadi, 9 ga Shawwal, 1290. Isa.

Sanyi ya fara leƙowa da asuba. Yau na buɗe ɗakin Luba, na ɗage tabarma daga gadon ƙasa, sai ga tsaga tun daga bakin ramin wuta har wajen kai, yatsa na shiga cikinta. Aikin damina ne, ni kuwa ban duba ba. In anka zuba garwashi ƙarƙashi a haka, zafin wuri guda za shi taruwa shi ƙone mutum, sauran gadon shi zauna da sanyi.

Luba ɗiyata na da ciki, na fari. Bafillatar da ke kawo muna nono ce tag gaya mini tun cikin azumi. Ita kaɗai ke shiga Sabon Birni ta fito babu mai tambayar ta ta wa ce. Tac ce haihuwa sai wajen Layya. A gidanmu haihuwar fari gaban uwa ake yin ta, bisa gadon uwa ake jego, ba a taɓa tsallakewa ba. Sai dai sa'ad da munka aurar da ita ga Labbo hanya lafiya take. Yanzu mutanenmu da Gobirawa ko gaisuwa sai da mashi a hannu.

Na ba Bafillatar saƙo: ta taho.

Laraba, 12 ga Shawwal

Kassimu ya kawo mini ƙasar shuri, yana kawowa yana gunaguni. Na kwaɓa ta da kashin doki da ciyawar ramno, na rufe ta ta ruɓa.

"Inna, matar Bagobiri kike gyara wa gado?"

Nic ce ƙanwarka nike gyara wa. Yac ce shi bai ce ba ƙanwatai ba ce. Yat tafi wajen dokinai. Tun da ubansu Malam yar rasu yaron ga ba ya tsayawa a gama magana.

Lahadi, 16 ga Shawwal

Na yi yaɓe. Na cike tsagar, na bi da dutse har tay yi santsi, na kwashe tsohuwar toka daga ramin, na gyara bakin da ya gutsure.

Laka ta rage mini, ban so ta lalace ba. Sai idona yak kai ga tagar sama. Malam ne yaf faɗaɗa ta wata bazara da zafi yah hana yara barci, don iska ta ratsa daga ƙofa ta fita. Da sanyi kuwa tsumma muke cusawa, haka Innata ke yi, haka nit tashi ina yi. Amma tsumma ba ya hana komai, iska na busa ta gefenai awa sarewa. Mai jego da jinjiri ba su son haka. Na taka turmi na liƙe ta da laka, ko bakin allura ban bari ba. In bazara ta zo a fasa.

Allah shi jiƙan Inna, ina ga ƙiwa ce tas sa ta tsumma.

Alhamis, 20 ga Shawwal

Bai bushe ba. Na shiga na taɓa, na fito, na koma.

Lahadi, 23 ga Shawwal

Na gwada shi da garwashin ƙirya wanda nike ɓoyo tun rani, ba ya hayaƙi ko kaɗan. Zafi ya bi gadon daidai, kai da ƙafa. Na zauna bisa ina lazimi har kaina yay yi nauyi. Tunani ne. Na fito na sha iska ya sake ni.

Fatu ungozoma ta shigo ta iske ni. "Kadi, gado kike gasawa ko waina?" Tas sa hannu taj ji ɗumi, tac ce ƙugunta ya shekara yana neman irin wannan, in ba ta aron shi zuwa Layya. Na yi dariya na kai ta ga wata magana. Ta gane. Da za ta tafi tac ce, "To a gai da mai gado."

Ban kyauta ba. Amma ba ni iya ganin wani bisa shi kafin ita.

Alhamis, 27 ga Shawwal

Bafillata ta zo, babu amsa. Tac ce ta faɗa wa uwar mijin, tsohuwar tac ce, "Mun ji." Mi ke nan, mun ji?

Na sake aikawa: ta taho, ko da rakiya zuwa bakin gulbi, Kassimu shi tarbe ta.

Ban faɗa wa Kassimu na sa sunanai ba.

Lahadi, 1 ga Zulƙida

Sun fita da hantsi, shi da mahayan gari. Ba a gaya wa mata inda za a. Na ga gabas sunka yi, amma wanda za shi arewa, wajen Sabon Birni, ma gabas yake farawa.

Na ɗauko littafi ban karanta ba. Na kaɗa auduga zaren yana tsinkewa. Na share ɗakin Luba wanda nis share jiya.

Jumma'a, 6 ga Zulƙida

Sun dawo. Kassimu lafiya, alhamdu lillahi. Sun kai har gonakin Gatawa. Rabonai jaki guda da yarinya guda.

Abu sunanta. Ba ta kai Luba ba. Zanen Gobir a kumatunta, ciki ya sauko har ba ta iya duƙawa. Ba ta kuka, ba ta magana. Kassimu yac ce ta zauna rumfar kara ta bayan madafa, in ta sauka a san yadda za a yi.

Nic ce mai a hankali, "Ka duba ko cikin waɗanda kunka kamo..." Ban ƙarasa ba. Yac ce, "Inna, ba mu kai birni ba."

Wani can yana iya zama da ɗiyar wata a rumfar kara, yana cewa rabonai ce. Na ajiye alƙalami.

Lahadi, 8 ga Zulƙida

Na kai mata tuwo daga tukunyarmu, da tsohon bargon Malam. An karantar da mu haƙƙin wanda ke hannunka, ka ciyar da shi abin da kac ci, ka tufatar da shi. Na yi wannan. Ba a ce gado ba. Na bi karatuna kaf a zuci, ba a ce gado ba.

To mi ya sa nike neman inda anka ce?

Laraba, 11 ga Zulƙida

Ta haihu bayan azahar, namiji, ɗan mitsitsi. Fatu ce tak karɓa. Da tag gama taj ja ni gefe.

"Karan ga iska ke wasa cikinai. Yarinyar ga ta zubar da jini, jikinta awa ruwan randa. Ga ɗaki can an gasa shi wata guda ana jiran sarauniya."

Nic ce za ni ƙara mata bargo. Fatu tad dube ni tac ce, "Ƙara mata biyu, Malama." Ba ta taɓa ce mini Malama ba sai in ta yi fushi.

Alhamis, 12 ga Zulƙida

Jinjirin bai kama nono ba. Uwar na rawar ɗari har kara na motsi. Na dafa kunun kanwa, ta sha kaɗan.

In na sa ta ciki, kamar na ce Luba ba ta zuwa. Shi ke nan abin. Na rubuta shi yanzu, na gan shi, ba shi da kyau.

Jumma'a, 13 ga Zulƙida

Na sa ta.

Asabar, 14 ga Zulƙida

Za ni rubuta.

Jiya da nis sa ta rana ta yi, ƙofa a buɗe, wuta kaɗan. Yau da safe anka yi mata wankan ruwan zafi da ganyen tsamiya, nic ce bari in yi mata yadda za ni yi wa tawa. Na cika ramin da garwashin ƙirya, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na kwantar da su, na saki asabari, na kuma rataya bargo bisa shi, na danne ƙasan da dutse don kada iska ta shiga. Na tafi daka.

Ban san abin da yam maido ni ba. Shiru ne, ina ji. Jinjirin da yak kwana yana ƙananan kuka ya yi shiru. Na ɗaga bargo, wani nauyi yab buge ni a goshi, irin wanda ke kama ni duk ranar da niz zauna ɗakin ga, nike cewa tunani ne. Abu na kwance ido rabi, ta yi amai, na kira ba ta amsa ba. Babu hayaƙi. Ko kaɗan babu hayaƙi, ɗakin tas.

Na sunkuci yaron na aje tsakar gida, na koma na ja ta ta hammata har waje, ni da ba ni iya ɗaga tulu. Ban san na yi kururuwa ba sai da nig ga Fatu babu kallabi. Ruwa, albasa a hanci, fifita. Tana murza yaron tana zagin kowa, har ni, har Gobir, har Isa. Yay yi atishawa. Uwar ta daɗe. Da tab buɗe ido abin da taf fara cewa a gidan ga shi ne, "Ina ɗana?"

Fatu ta leƙa ɗakin tad ɗaga kai. "Ina tagar?"

Na ɗauki taɓarya na hau turmi. Lakar ta yi ƙarfi, da kyau nik kwaɓa ta.

Litinin, 16 ga Zulƙida

Suna nan. Kanta na ciwo, amma ta ci. Yaro ya kama.

Na cusa tsumma a tagar, sako-sako. Iska na busa ta gefe. Na zauna ina saurare. Inna, ki yafe mini.

Luba nike gyara wa. Da ta amsa kirana, da garwashin da za ni zuba ya fi wannan, da bargo biyu za ni ratayawa.

Laraba, 18 ga Zulƙida

An raɗa suna, Bawa, sunan uban Abu. Kassimu bai so yanka ba, nic ce akuyata ce. Shi yar riƙe ƙafafun ma.

Yanzu kowace safiya sai na kwashe toka, na duba tsaga, na sa hannu a tagar in ji iska, kafin a zuba wuta. Garwashi rabin kasko. Asabari a ɗage taƙi guda. Ina shiga ina fita har Abu tac ce, "Inna, muna numfashi." Da murmushi taf faɗa. Ban san sa'ad da taf fara ce mini Inna ba.

Na tambaye ta ko ta san gidan su Labbo a birni. Ba ta sani ba. Tac ce amma can ma gadon ƙasa suke yi wa mai jego, kowane gida. Nic ce da taga? Tac ce ba ta taɓa dubawa ba.

Ba ta taɓa dubawa ba. Luba ma ba ta dubawa.

Asabar, 21 ga Zulƙida

Bafillata ba ta zo ba. Na fita ƙofar gida har maƙwabta sunka fara tambaya ko lafiya.

Fatu ta samu abin da take so. Da rana in Abu ta tashi sai ta miƙe bisa gadon tana nishi, tana cewa ƙugunta ya yi aure.

Talata, 24 ga Zulƙida

Ta zo. Na saye nonon duka don ta zauna ta saurare ni da kyau. Tac ce Luba lafiya, ƙafafu sun kumbura, uwar mijin ta hana ta ɗaukar ruwa. An yi wa gadon tsohuwar sabon yaɓe, da idonta tag gani.

Tac ce, "Saƙon dai na kullum? Ta taho?"

Nic ce ki ce wa uwar mijinta ina gaishe ta, gaisuwa mai kyau. Ki ce ta dubi tagar sama. In laka ce a fasa, in tsumma ne a sassauta. Garwashi rabin kasko, kada a danne asabari. In kan yarinyar ya yi nauyi kada a ce gajiya ce, a fito da ita. Na sa ta maimaita har taf fara dariya, tac ce ko shanunsu sun hardace.

Ta ɗora ƙwarya ta kai zaure, taj juyo. "Ban da ta taho?"

Nic ce hanya ba kyau, kuma sanyi ne.

Da nid dawo ciki na iske zanen goyon da nis saƙa wa Luba tun azumi a bayan Abu. Ni nib ba ta, shekaranjiya, don nata ya jiƙe. Aro ne. Ban dai ce mata aro ne ba.

Gobe a sa Kassimu shi nemo ƙirya, wadda ke akwai ba ta kai mu arba'in.