Jarumin da ke Gidanmu

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya su Ummi?

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na ɗauka jarumai sai a littattafan soyayyar da nake karantawa. Ashe akwai ɗaya a gidanmu na unguwar Satwa, nan ƙasar waje, mai yar da safa a falo!

Bankin da ɗalibai irin su Yaya Sadiƙ suke ajiya yana barin ɗalibi ya ciri fiye da kuɗinsa, amma yana gama karatu sai a fara yankar masa caji, tun bai samu aiki ba. Yaya ya bi ɗalibai yana tara sa hannu don a roƙi bankin ya jinkirta cajin. Baba ya ce, "Khalas, ya isa haka! Mu baƙi ne, da bizarka kake wasa." Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, roƙo ne, ba zanga-zanga ba."

Jiya bankin ya gayyaci su Yaya zama. Baba da kansa ya kai shaddar Yaya guga saboda zaman.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida kowa. Kunya ta so sa ni yaga takardar nan, amma maƙwabciyarmu Hajiya Rabi za ta taho Kano, zan miƙa mata.

Taki, Nafisa.