Gangar Baba a Kwamfuta

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Tunga sai godiya.

Na tsinci kaset ɗin gayyar doyarmu ta Kuta, wanda marigayi Baba ke kaɗa wa manoma ganga. Zaren ya kusa tsinkewa, sai na juye shi a kwamfutar shagona.

Na fara da manhajar haɗa kiɗa, mai yanko gaɓa ɗaya ta yi ta maimaitawa. Ya fito tsaf, ba gargada. Da na kunna wa Inna, sai ta ce, "Kashe. Wannan ba mahaifinku ba ne. Shi in ya ga manoma sun gaji, sassauta hannu yake yi."

Sai na koma manhajar da nake tace bidiyon biki da ita, wadda ke barin sauti yadda ya zo. Tarin Baba yana nan, har da inda kake kuka an hana ka garma. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta share ido ta ce, "Maimaita."

Na juye maka shi a faifai, yana hanya. Ka sa Baba da mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida.

Ƙaninka,
Musa