Dalilin da Ya Sa Ban Zo Marseille Ba

Zuwa ga Yaya Abdelkrim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da sauƙi, Ya tashi kafaɗunka. Mama tana lafiya, sai gwiwa da ta hana ta hawa bene. Mijina Rabah da yara suna nan ƙalau. Maƙwabciyarmu Hajiya Zulika ce za ta miƙa maka wannan hannu da hannu, domin ba maganar waya ba ce.

Na ji matarka Nasera ta ce wa Mama na fi son aiki da ɗan'uwana. Ban ga laifinta ba. Wata biyu ke nan da likitocinku suka ce ɓargona kaɗai ya dace da naka don a yi maka dashe, har yau ban zo ba. To, bari in faɗa maka abin da aka rantsar da ni kada in faɗa.

Ka san na shiga cibiyar binciken nan ne saboda na'urorin sauraron motsin ƙasa, tun girgizar da ta rushe gidan Kawu. Shekara huɗu ke nan da aka damƙa sashenmu ga sojoji. Abin da muke ƙerawa yanzu, in ka gan shi sai ka rantse tsakuwa ce. A binne shi a rairayin kan iyaka, ya ji takun mutum, ya bambanta shi da na raƙumi, ya aika labari ba wanda ya sani. Ni na koya masa bambancin, ranar da ya yi aiki har guɗa na yi. Ashe igiya nake tufka wa ƙafata.

Da na nemi izinin tafiya, shugabanmu ya sa aka kawo mini shayi, ya kira ni 'yarsa, ya ce kaina yanzu taskar ƙasa ce, ba a ɗora taska a jirgi. Na ce ɓargon dai ba shi ya ba ni ba. Ya yi dariya, wai to in aika ɓargon in bar musu kan. Fasfona yana kulle a ofishinsa. Na rubuta takardar ajiye aiki, aka nuna mini inda na sa hannu tun farko: ko na bari, shekara biyar ba zan tsallaka teku ba. Rabah ya je wurin wani kanar, abokin karatunsa. Mutumin ya tambaye shi lafiyar yara, kowanne da sunansa da makarantarsa. Rabah ya gane gargaɗi ne, ya dawo ko kuskus ɗin da na dafa masa bai taɓa ba.

Amma ba'ar shugaban ta tsaya mini a rai. Na tambayi wata likita a Aljiyas, ta ce tabbas ana ɗiban ɓargo a nan a kai shi cikin sanyi, in asibitinku ya rubuto ya nema. Shi ma ba za a kwantar da ni ba sai shugaban ya yarda, wai suna tsoron kada in yi sambatun sirrinsu cikin maganin barci. Kwana tara takardar neman izinin tana kan teburinsa, kullum ina gaishe shi da murmushi. Mai nema ba ya fushi.

Don Allah ka sa likitanka ya rubuto da wuri. Ka ci abinci ko ba ka so, Yaya, ka jira ni. In ƙafata ba ta zo ba, abin da ke cikin ƙashina zai zo.

Ka gaishe mini da Nasera, ka ce ban riƙe ta ba, ka gaishe da yaranku, Lamine da 'yar auta Suhila. Ka ƙona takardar in ka karanta.

Ƙanwarka,
Wahiba