Shishar Baba Ramadan

Dala, Kano
Fabrairu, 1957

Zuwa ga yayana Mahmud, a Jos,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Halima da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Bayan gaisuwa, Baba ba shi da lafiya. Tun damina muryarsa ta dishe, yanzu ko kunu da ƙyar yake wucewa. Da muka je asibiti, likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya ci wuri. Ya tambaya ko yana shan taba. Na ce shisha ce, wadda kakanmu ya zo da ita daga Tarabulus, Baba yake shan ta safe da yamma tun ba a haife mu ba. Ya ce hayaƙin nan yake zargi, kada ya ƙara kusantarta.

Yaya, muryar da ta kore ka daga gida, wadda ta sa Umma ta ƙare kwanakinta tana raɓe-raɓe a ɗakinta, yau ko bakin ƙofa ba ta kaiwa. In yana son ruwa sai ya buga kwano da cokali. Nakan bari hannunsa ya gaji kafin in tashi.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Mabruka

Afrilu, 1957

Yayana Mahmud,

Gaisuwa da ban girma. Wasiƙarka ta iso, na ji kana son zuwa. Ka yi zamanka. Ina ka baro tabon bulalar da ke bayanka?

Baba ya rame ƙwarai, kuma ba abin da yake roƙo sai shisha. Kullum nakan wanke ta tas, in zuba mata ruwa, in ajiye ta inda idonsa zai gani amma hannunsa ba zai kai ba. In ya miƙa hannu sai in tuna masa cewa likita ya hana. Maƙwabta suna ta sa min albarka, wai ba a taɓa ganin 'ya mai kula irina ba.

Amininsa Alhaji Isyaku, maƙwabcinmu, yana zuwa dubiya. Ka tuna shi? Shi ne ya yi ta dariya ranar da Baba ya kifa wa Umma garwashi a hannu don wutar shisha ta mutu. Yanzu cewa yake wai likita bai san komai ba, ai ruwa yana wanke hayaƙi.

Jiya Baba ya rubuta sunanka da yatsa a ƙasa, ya dube ni. Na ce masa ka ƙi zuwa. Ya juya fuska bango, na share wurin na fita.

Taka,
Mabruka

Yuni, 1957

Yayana Mahmud,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya. Allah ya karɓi ran Baba ranar Laraba da hantsi, an kai shi kafin azahar. Bai iya cewa komai ba. Mata sun yi ta kallon idona, ni kuwa ko ɗigo.

Bayan sadakar bakwai Alhaji Isyaku ya aiko matarsa Mero, wai yana son shishar don tunawa da amininsa, sai dai maganar likita ta ɗan tsaya masa a rai. Na ce ta gaya masa likita ya janye maganarsa, ciwon daga Allah ne kawai. Na goge shishar, na haɗa masa da duk tabar da ta rage, har da buhun gawayi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ka sani. Safe da yamma ina jin ruwan yana ɓul-ɓul a zaurensa. Nakan shimfiɗa tabarma a gindin katangar in saurara. Shekaranjiya na ji ya fara tari.

Allah ya ba mu tsawon rai. A gaida Halima, a shafa min kan yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Mabruka