Inna, An Yaye Rufin Gidan Gishiri

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa irin ta ’ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni’ima a makwancinki. Na san saƙon nan ba zai iso gare ki ba. Amma zai isa ga masu rai, cikinsu har da babban ɗanki Yaya Sabo, shi ya sa na rubuta shi a fili.

Inna, gidanki yana tsaye babu rufi, kuma damina ta kama.

Ke kika ba ni labarin yadda kakanmu ya taso daga Zariya da jakuna ɗauke da gishiri da kanwa, ya sauka a wannan ɗan gari bayan Ushafa, tun ba a yi mafarkin Abuja ba. Gbagyi suka ba shi fili a bakin kasuwa bisa sharaɗi guda: zaurensa ya zama na kowa. Matar da ta kawo tukwane ko doya ba su sayu ba, ta ajiye a nan har kasuwa ta sake ci, kada ta koma ƙauye da kaya a kafaɗa. Daga nan aka sa masa Gidan Gishiri. Kasuwar ma a jikinsa ta girma.

Bayan rasuwar Baba ke kika riƙe cinikin daga cikin gida. Ina ganinki yanzu a kan tabarma da mudu a hannu, mata sun cika tsakar gida, wannan ta ba da tukunya ta karɓi gishiri, waccan tana rantsuwa kin tauye ta, kina dariya kina ƙara mata da tafin hannu. Kullum sai kin ce, “Wanda ya ajiye kaya a zauren nan, ni ya ajiye wa.”

Kuma ba ki taɓa barin hadarin farko ya same mu ba a yi yaɓe ba. Ko Yaya Sabo ya sha kwaɓa ƙasa da ƙafarsa yana kumbure-kumbure. Ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa, Inna. Ki riƙe wannan.

Da bazara ya tara mu ya ce zai gyara gidan, don gida ne mai tarihi, har baƙi za su riƙa zuwa kallo. Na yi murna, Allah ya sani. Ya kawo kafintoci suka ɓanɓare kwanon kaf, tun daga zaure har ɗakinki. Ya ce sabon kwano yana hanya daga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Ya sa aka kwashe kayan matan kasuwa aka zube a waje, ya garƙama kwaɗo.

Har yau kwanon yana hanya. Mota tana tasowa daga Dei-Dei da hantsi ta iso nan kafin azahar, amma tamu ta fi wata biyu tana tahowa.

Na kira shi bayan ruwan farko. Ya ce, “Ke Hajo kin cika zargi. Karatun nan naki ya ɓata ki, kowa ɓarawo ne a wurinki.” Na ce to ina tsohon kwanon, mu mayar kafin sabon ya zo? Ya ce ya ruɓe. Da na kai wa matarsa gaisuwa a gonarsa ta Yangoji, sai ga kwanonmu a kan ɗakin kaji. Na gane shi da koren fentin da Baba ya shafa masa. Kajin Yaya suna kwana a bushe, ɗakinki yana shan ruwa.

Kin tuna Mama Laraba mai tukwane, ƙawarki? Ta tsufa ƙwarai. Ita ta tare ni a bakin kasuwa ta riƙe mini hannu ta ce, “’Yar Hajiya, wani oga ya zo da abin awo, ya zagaya gidan har baya. Na tambaye shi, ya ce filaza za a gina a wurin, benen shaguna. Mu kuma a ina za mu sa tukunya?” Tukwanenta na can gindin mangwaro an lulluɓe da leda, iska ta riga ta fasa mata wasu.

Ban ga takardar ciniki ba, ba kuma zan ce na gani ba. Amma na san dattawan gari ba za su bari a kawo katafila a rushe Gidan Gishiri suna kallo ba, shi ma ya sani. Idan kuwa bango ya zube da kansa, sai a tafa hannu a ce ikon Allah, a share wuri, sharaɗin kakanmu ya bi ruwa. Bangon gabas ya riga ya tsage daga sama har ƙasa, hannuna yana shiga.

Kin hore ni kada in ɗaga wa yayana murya a gaban mutane. Na riƙe wannan har furfura ta fito mini. Ki yafe mini, Inna, na saki. Na sa an ɓalle kwaɗon zauren. Mun ɗaura tamfol a kansa da kan ɗakinki, ni da Mama Laraba da matan kasuwa, sun mayar da kayansu ciki. Na kawo katifata daga cikin gari na shimfiɗa inda gadonki yake. Ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma a lungun da kike ajiye kanwa har yanzu akwai ƙamshinki. Na daɗe zaune a wurin, na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka fita da ke.

A nan zan yi damina. Duk wanda ke jiran bangon nan ya faɗi, ya sani akwai ƙanwarsa a ƙarƙashinsa.

Ya Allah, idan zato na yi wa ɗan’uwana, ka yafe mini, ka kunyata ni da motar kwano a ƙofar gida. Idan kuwa gaskiya na hango, ka juyo da zuciyarsa tun ginin yana tsaye. Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya haɗa ki da Baba a Aljanna Firdausi, amin.

Taki har kullum,
Hajo, daga ɗakinki