Robar da Ta Ƙi Bin Lissafina

Yaya Shufen,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Sendai. Ya gwiwar Mama? Ya yara?

Ni lafiya lau, gajiya ce kawai. Shekara uku ke nan ina lissafin yadda wata roba ke sauya launin hasken da ya ratsa ta. Jiya aka gwada ta, sauyin da aka samu bai kai rabin lissafina ba. Malamina Farfesa Kuroda ya ce, "Weimin, robar nan ba ta karanta takardarka ba. Koma farko."

Don haka ba zan zo bikin sabuwar shekara ba. Ki aiko min da yajin gida.

Na ji Baba ya gaya wa maƙwabta da digiri zan dawo. Ki bari ya gama cin biki tukuna kafin ki gaya masa.

Ƙaninki,
Weimin