Walkin Ƙosau

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Zafi kamar a bakin tukuba. An ɗauke wuta tun hantsi. Ina kishingiɗe ƙarƙashin dalbejiya sai ga Ni'imatu, jikata 'yar wajen ɗana Mukhtar, ta dawo daga lekol, makarantar ɗinkinsu ta unguwar Abena. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta cusa mini waya a hanci.

"Angona, buɗe tsofaffin idanun nan ka ga ikon Allah."

'Yan matan wata ƙasa ce wai ita Filifin, tsibirai ne birjik a cikin teku. Gasar sarauniyar kyau. Na ce kauda mini, na san irinta, wadda ake rowar yadi. Ta ce a'a, wannan ranar kayan asali ce, kowace ta sa abin garinsu. Na duba. Lallai kam. Wata ta goyo gonar shinkafa hawa-hawa, kore shar. Wata ta yafa koma, da kifayen a jiki. Wata ta yi fukafukan zakara sun fi ta tsawo. Wata kuma ƙahonnin ɓauna ne a kanta, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu. Na ce da waɗannan za su biyo ta unguwarmu Diguel da an watse, an ce dodannin tatsuniya sun fito kasuwa.

Madam, malamar ɗinkinsu, ita ta nuna musu. Ƙarshen wata za su yi difile, kowace ɗaliba ta ɗinka kayan asalinta ta sa, iyaye su zo kallo.

"'Yan ƙabilar Sara sun san nasu, Kanembu sun sani, Larabawa ga lafaya. Ni fa? A nan a ce mini 'yar Nijeriya, mu je biki Kano a ce 'yan Chadi sun iso."

Na ce ke ai 'yar mahauta ce, jikar mahauta, tun daga Haɗeja. Don tsokana na faɗa. Ta ƙura wa mai ƙahon nan ido. Ban so kallon ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na sani. Ta kawo mini shayi da kanta, har da na'ana'a, abin da ba ta taɓa yi ba sai da dalili. Walkin Baba take so.

Mahaifina, Baba Ƙosau, da shi ya yi hawan ƙaho tun garin nan namu, Njamena, ana kiransa Fort-Lamy. Yaran yanzu ba su san abin ba. Jajiberin salla mahauta kan ɗauro bijimin da ya fi kowane faɗa, igiya gaba igiya baya, a saki kalangu, saurayi ya fito daga shi sai walki, ya faɗa tsakanin ƙahonnin ya rungume wuyan sa, sa ya yi ta watsi da shi har ɗaya ya gaji. Fatar akuya ce jemammiya, ta yi baƙi don tsufa, da layu a ɗinke ta ƙugu, da huda ɗaya ta hagu inda wani jan sa ya same shi. Ya ba ni ranar da na yi hawana na farko. Ƙa'idar ke nan: wanda ya hau shi ke gado. Mace ko taɓa shi ba ta yi. Matata Fadima, Allah ya ji ƙanta, mun tsufa tare ba ta taɓa buɗe akwatin nan ba.

Na ce a'a. Ta ce aro. Na ce ko aron kallo. Ta ce, "To wa kake ajiye wa? Abbana ko ɗan maraƙi ya gani sai ya hau mota."

Na shanye shayin dai. Ba laifinsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Wa nake ajiye wa. Yarinya ba ta da kunya.

Talata, 13 ga Mayu

Mukhtar ya ji labari, ya zo mini da rigar ofis, yana zufa. Wai in hana ta. "Baba, gaban mutane fa. A ce 'yar mahauta. Ta sa atamfa da ɗaurin kallabi, kalas, an gama, wa zai ce ba Bahaushiya ba ce?" Na san a wurin aikinsu cewa yake ubansa falken shanu ne. Ban taɓa yi masa magana ba, kowa da inda takalmi ke matsa masa. Amma na tambaye shi, da kuɗin wane irin nama aka saya masa littafin Faransanci. Ya ce ba haka yake nufi ba. Kullum ba haka yake nufi ba.

Abin haushi, yanzu ni da shi muna gefe ɗaya. Ban saba ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Tun shekaranjiya wani wari ke tashi a gidan nan. Aka ce ɓera ne ya mutu, aka ɗaga buhuna, aka zargi kwata, aka zargi maƙwabta. Ni kuwa hancina ya girma a mayanka, na san mushen ɓera, na san wannan. Na bi shi da sandata har ƙarƙashin gadon Ni'imatu.

Ƙahonni biyu. Ta je rumfar Lukumanu, ɗan ƙanena da ya riƙe sana'ar, ta karɓo su ɗanyu, da ƙashin cikinsu da jininsu, ta fesa musu fenti ruwan zinariya ta naɗe a leda. A watan Mayu! A Njamena! Ƙudajen Diguel kaf sun zo ɗaurin aure.

Ta tsaya tana toshe hanci, hawaye na zuba, ban san na wari ba ne ko na kunya. "A bidiyon ba su ce ana cire komai ba."

Na yi dariya har haƙarƙarina da sa ya taɓa karyawa ya tuna mini da kansa. Na ce amarya, jinin Ƙosau, kin yi wa mushe kwalliya.

Ba ta yi dariya ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na sa an hura wuta a bayan gida, na dafa su a tsohuwar tukunyar ƙarfe har ƙashin ya saki, na buga a gindin turmi ya faɗo. Na cika su da toka na shanya. Saboda warin na yi, ba don komai ba. Mutum ba zai zauna a gidansa yana amai ba.

Tana tsugune tana kallo. Da na fara kankare su da fasasshiyar kwalba ta ce in ba ta ta gwada. Hannunta ya faɗa daidai, ba ta zurfafa ba, ba ta tsallake ba. Ban gaya mata ba.

Amma ƙahonnin na farin sa bunaji ne, sun yi nauyi. Ta ɗora a ka, wuyanta ya lanƙwashe kamar na kazar da ta sha ruwan sama.

Litinin, 19 ga Mayu

Awon jini. Ma'aikaciyar da ke ɗaura mini abin a hannu, Madam Luz, shekara da shekaru ina ce mata 'yar Sin, ashe 'yar Filifin ɗin ce. Yau na tambaya. Da Larabcinta mai ɗingishi da nawa mai tsufa muka fahimci juna.

Na ce ƙahon nan da 'yar ƙasarsu ta ɗora a ka a gasa na mene ne? Ta ce ɓaunarsu ce ta noma, ita ke jan garma cikin taɓo, ubanta yana da ɗaya, ya fi kula da ita a kan 'ya'yansa. Ta ce kowane yanki da abinsa: wasu saƙar zaren ganyen abarba, wasu rini, har akwai wasu mata a kudu da ba sa saƙa zane sai sun yi mafarkin adonsa. Wannan ta zauna mini. Da kakata ta ji ta, da ta ƙara mata aljani ta ba mu ita bayan tuwo. Ta ce can kudun ma akwai Musulmi, zakaran nan mai fukafukai nasu ne.

Na ce to 'yar manomi ba ta jin kunya ta fito duniya da ƙahon dabbar ubanta? Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa. Ta ce duk shekara in ta ga kayan yankinsu a waya sai ta shiga ɗakin magani ta rufe ƙofa. Ba ta faɗi abin da take yi a ciki ba.

Jinin ya hau kaɗan. Ta ce in rage gishiri da tunani.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na aika wa Lukumanu, in an kawo shanun Kuri daga tafkin Chadi ya ajiye mini ƙaho. Nasu manya ne kamar tulu amma ba nauyi, shi ya sa suke iyo da su. Don wuyan yarinya na yi. In ya karye mu za mu yi jinya.

Lahadi, 25 ga Mayu

Kwana nawa ke nan ba ta ce mini ango ba. "Ina kwana, Kaka." "Ga ruwa, Kaka." Ladabi tsantsa, kamar baƙuwa. Ban san ladabi na da ciwo haka ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Ta gwada kayan a tsakar gida, ina ɗaki ina leƙe ta labule. Doguwar riga har ƙasa, ja kamar tsoka da fari kamar kitse, ta jera ɗinkin yadda muke jera nama a kan faifai. Mayafi baƙi, ƙahonnin Kuri a sama sun sha man shanu suna ƙyalli, ba fenti. Igiyar shanu ta yi ɗamara da ita. Ban ga abin kushewa ba, kuma na nema.

Sai ta ɗaura walki. Na roba. Irin ledar da ake rufe kujerar mota da ita, ta sayo a babbar kasuwa, Grand Marché, tana walƙiya tana ƙara ƙiii in ta motsa. Har ta huda shi ta hagu da almakashi. Ashe tana saurare duk shekarun nan da nake ba da labarin, ni ina zaton barci take.

Jinin Ƙosau a gaban Sara da Kanembu da Larabawa, da rigar kujerar mota.

Ban ci tuwon kirki ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Bayan masallaci na buɗe akwatin. Ƙamshinsa na nan, hayaƙi da kitse da Baba. Na daɗe zaune. Na tambaye shi a zuci, bai ce komai ba, dama shi ba mai magana ba ne sai a gaban bijimi.

Na kira ta na kafa sharuɗɗa. Ba almakashi. Ba allura. A kan riga za a ɗaura, ba a buɗe layu. Gobe kafin magariba ya dawo akwatinsa. Aro ne, aro.

Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta durƙusa. Ta sa yatsa cikin hudar. Sai ta ɗago ta ce, "Angona, ashe ƙugun Ƙosau bai fi nawa ba."

Na ce tashi ki ba ni wuri.

Asabar, 31 ga Mayu

Na ce ba zan je ba. Na je ne in tsare kayana.

An kafa rumfa a farfajiyar lekol, kujerun roba, lasifika na tari. Mukhtar ya zauna can baya inda zai iya sulalewa. 'Yar Sara ta fito da duwatsun ado har gwiwa, 'yar Kanembu da kitso da azurfa, wata da ƙoren nono a ka, kowace aka yi mata guɗa. Sun yi kyau, ba ƙarya.

Da aka kira Ni'imatu sai wasu samari a gefe suka yi kukan shanu. Aka fara dariya. Na ga ƙahonnin sun ɗan karkata. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sandar ma faɗuwa ta yi. Muryar da na yi zaton ta tafi da haƙorana ce ta fito:

"Ƙosau na Haɗeja, ƙirji maganin ƙaho! Sa ya gan ka ya tuna uwarsa! A ja igiya, ɗan mahauta ya iso!"

Ɗan mahauta na ce, haka kirarin yake, ban gyara ba. Ta ɗaga kai. Ta tako a hankali, walkin na kaɗawa a kan jar rigar, ta zo daidai samarin nan ta sunkuyar musu da ƙahonnin kamar za ta kai suka. Ɗaya ya faɗo daga kujera. Nan fa wuri ya ɓarke, wata tsohuwa Balarabiya da ban sani ba ta rangaɗa guɗa a kunnena har yanzu yana ƙara.

Madam ɗinsu ta tambaye ta da Faransanci wannan na wace ƙabila ce. Ta amsa da Hausa, sannan ta juya da Faransanci: na mahauta ne, na gidanmu.

'Yar Kanembu ce ta zo ta ɗaya. Daidai ne, azurfar ta yi. A hanyar dawowa da muka kusa gida, Mukhtar ya ce, "Baba, jan san nan, a ina ya soke shi?" Na nuna masa a jikina.

Lahadi, 1 ga Yuni

Murya ta dushe. An yi yayyafi da rana, ƙasa ta yi ƙamshi.

Litinin, 2 ga Yuni

Tun ranar Asabar ta kawo shi kafin magariba, yadda muka yi, a naɗe cikin sabon ƙyalle. Ya kwana biyu a kan gadona ban mayar ba. Ƙiwuya ce kawai, akwatin na da nauyin ja.

Yau na kira ta na ce ta ɗauka ta ajiye a wurinta tukuna, gara ta fara cin akwatina. Ta shafa masa man shanu duk bayan salla, kada ya bushe, kuma kada ta bar ubanta ya sa shi a gilashi.

Ta dubi akwatin. Na ƙarfe ne, tun na Baba. Ta dube ni.

"Gara ta yi ƙarfi bana, angona."

Na ce ƙwarai.